Dutsen da Ya Tare wa Albasa Ruwa

Kura, ranar Asabar

Zuwa ga ɗiyata Rauda, bayan sallama da fatan kina lafiya, ya karatu?

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. To, waya ba ta ɗaukar dutse, shi ya sa na haɗo Maharazu direban tumatir da takarda da wannan guntun dutsen. Ina haƙa sabuwar kwata zuwa fadamar da na dasa albasa sai fatanya ta ci karo da shi, shimfiɗe kamar tabarma. Ruwa ya zo nan ya tsaya, ga dashe ya fara laushi. Shekara uku ina tsokanarki da karatun duwatsu a Zariya, yau ga ranarki. Daga ina ya fito, a gonar da babu komai sai laka?

Mahaifinki, Hambali

Zariya, Litinin

Baba, Allah ya ƙara girma. Ina gaishe ka, ina gaida Inno.

Na yi dariya, na kuma ji daɗi. Ka duba ƙyalƙyalin nan fari mai ɓarewa kamar ɓawon albasa, alama ce cewa dutsen nan asalinsa laka ne, irin wadda kuke yashewa daga kwata. Ta taru a ƙasan teku shekaru miliyoyi. Sai ƙasa da ƙasa suka matsu, tsaunuka suka tashi, lakar ta nutse can ƙasa inda zafi ya narkar da ita. Ta taso, ta huce a hankali, ta zama wannan. Tsaunukan sun zaizaye, saura gindinsu. A kansa kake noma.

Taka mai biyayya, Rauda

Kura, Laraba

Rauda, bayan gaisuwa.

Tunda kin ce narkewa ya yi, na ce abin da ya narke sau ɗaya zai kuma. Na jibga masa karan dawar da na tanada wa shanu da ƙaiƙayin shinkafa, kwana biyu wuta na ci. Ko gezau, baƙi kawai ya yi. Maƙwabta sun sa mini suna Maƙeri, Innarki ta daina yi mini magana saboda karan. Gobe ne layina na ruwa, in bai wuce ba albasa ta tafi. Raina a ɓace yake, amma har yanzu ina son sani: wane irin zafi ne wannan?

Hambali

Zariya, Laraba da la'asar

Baba, na tsayar da Maharazu a tasha, a kan gwiwata nake rubutu.

Wayyo karan Inno! Laifina ne, ban faɗa maka sai an yi tafiyar Kura zuwa Kano a cikin ƙasa ake samun zafin ba. Amma kada ka kashe wutar. Gobe da zafinsa ka sakar masa ruwa gaba ɗaya, ka matsa nesa. Ba zai narke ba, tsagewa zai yi.

Rauda

Kura, Juma'a

Malama Rauda, Allah ya yi miki albarka.

Da na sakar wa dutsen ruwa ya tsage, ya yi ƙara har shanu suka zabura. Ruwa ya wuce, albasa ta miƙe.

A cikin tsagar na ga wani baƙin tabo mai layi-layi, kamar busasshiyar laka. Ko ita ce ba ta gama narkewa ba? Ban bari kowa ya taɓa ba. Ki zo hutu ki gani, ina da sauran tambayoyi.

Ɗalibinki, Hambali