Sun Ce Kurwar Zulai Tana Cikin Gilashin Mijina

Zuwa ga Hajiya Khadijatu, mai Filin Shawara,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, ki karanta wannan takarda kafin sauran da ke gabanki. Ban san ko fushi ne ke cina ko tsoro ba. Ni mace ce da ta haura arba'in, na daɗe ina koyarwa, na yi karatun boko na yi na Muhammadiyya, ban taɓa zaton zan zauna ina rubuta wa jarida cewa an kira mijina maye ba. To, ga shi an kira shi.

Maigidana, wanda zan kira Malam kawai, malamin kimiyya ne, har bara da aka sallame su da sunan tsuke bakin aljihu. Abokansa sun koma gindin bishiya suna musun siyasa da zaɓe. Shi kuwa ya koma kiwon jatan lande. Ba irin manyan nan da ake busarwa a kawo daga Kudu ba. Ƙanana ne na ruwan daɗi, ba su wuce gaɓar yatsa ba, jikinsu garau, har abin da suka ci kina hangowa a cikinsu. Tun da ya je kwas Ingila ya ga ana ajiye irinsu a falo abin ya shiga ransa. A wani tafki wajen fadamar Danchadi ya samo nasa, cikin ciyawar ruwa. Ya haɗa akwatuna uku da gilashin taga, ya zuba yashi, ya dasa ciyawar, ya jera su a ɗakin da ke kusa da zaure.

Da farko ni ma haushi abin ya ba ni. Sabulu ya yi wuya, madara sai an bi layi, shi yana can yana dafa wa ƙwari ganyen zogale. Amma mutumin da ya daina cin abinci ya daina magana bayan an sallame shi, sai ga shi yana dariya. Ranar da macen farko ta ɗauki ƙwai a ƙarƙashin cikinta tana yi musu fifita da 'yan ƙafafunta, ya ƙwala mini kira kamar an yi masa albishirin haihuwa. Da suka ƙyanƙyashe, 'ya'yan ba su kai ƙwayar gero ba, ya wuni yana nemansu cikin ciyawa da gilashin ƙara girma. Sai na daina ƙorafi.

Abin da ya jawo mana bala'i shi ne waɗannan halittu ba su da juriya ko kaɗan. Rana ta dafa ruwan su mutu, don haka taga a rufe take da labule. Maganin sauro na fesawa ko na ƙonawa yana kashe su, har turaren wuta Malam ya hana a kai kusa da ɗakin. Hannun da ya taɓa sabulu ko man shafawa ba ya shiga ruwan. Ruwan rijiya ma sai ya kwana a randa kafin ya ƙara musu. Duk wannan yana da dalili, na san dalilin. Amma ki tsaya a waje ki duba da idon mutanen unguwarmu: ɗaki mai duhu, a kulle, ba a shiga da turare, ba a taɓa ruwan, mai ɗakin kuma yana fita da sassafe da kwalba zuwa tafki. Ashe mun daɗe a bakin mutane, ni ce ban sani ba.

Maƙwabciyata Dije tana da ɗiya, Zulai, 'yar shekara bakwai, yarinya mai wayo da tambaya. Ita kaɗai Malam yake bari ta shiga, don ba ta taɓa komai. Takan manna fuska a gilashi ta daɗe tana kallo. Jatan lande yana saɓa kamar maciji, ya fita ya bar tsohuwar fatarsa cikakkiya, da gashin baki da ƙafafu, fara fat, ba kowa a ciki. Malam ba ya cire ta, don sauran suna cinye ta tana ƙara musu ƙarfi. Zulai ta ga wannan, ta je gida tana ba da labari cewa a ɗakin Malam akwai abin da ke fita daga jikinsa ya bar shi, 'yan'uwansa su cinye. A lokacin dariya aka yi.

Yanzu Zulai ta fi mako a kwance. Zazzaɓi ba ya sauka, ga ciwon ciki, ta rame. An kai ta ɗakin shan magani, aka ce babu komai sai ƙwayar ciwon kai. Ni ba likita ba ce, amma daga abin da na karanta ina zargin taifot. Da zafin ya hau mata kai sai ta fara sambatu, tana cewa tana ganin kanta a cikin gilashin Malam, tana cewa a fito da ita. To mi ke cikin gilashi in ba fuskar wanda ya leƙa ba? Yarinya ta saba ganin inuwarta a wurin, shi ke nan! Amma kakarta ta fito tsakar gida tana kururuwa cewa an kama kurwar jikarta an sa a ruwa, waɗannan fararen abubuwan kurwar 'ya'yan mutane ce.

Na fita na same ta. Ba zan ɓoye miki ba, ban yi mata da daɗi ba. Na ce da sun tafasa ruwan sha da ba su kai ga neman maye ba, na ce jahilci ne ke kashe 'ya'yansu. Na dawo na sa kwaɗo a ɗakin na hana kowa leƙawa.

Tun ranar ba wadda ta shigo gidana ko ɗibar wuta. Ɗan garuwa ya daina kawo mana ruwa. In Malam ya bi layi, mata suna janye 'ya'yansu cikin zaure. An jefo duwatsu ta kan katanga. Mutanen Horo Birni da ke neman auren ɗiyata Aminatu sun aiko cewa a ɗan dakata. Jiya kuma Lawali, uban Zulai, ya zo da 'yan'uwansa suka tsaya ƙofar gida. Sharaɗinsu shi ne kafin Juma'a Malam ya je ya tsallaka yarinyar sau uku a gaban jama'a, yadda ake sa mayu su yi don su saki kurwa, sannan ya fasa akwatunan. In ya ƙi, su sun san abin da za su yi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, Malam ya yarda zai yi. Yana son yarinyar, ya ce in tsallakawa za ta sanyaya zuciyar uwarta, mi ya rage shi. Na ce masa in ya tsallaka ta warke, ya tabbata maye da ya saki kurwa. In ya tsallaka ta mutu, ya tabbata maye da ya cinye ta. Kuma an ce maita gado ce, tambarin zai bi 'ya'yanmu har jikoki. In kuma ya ƙi, ina tsoron su ƙone mu da gidan.

Yayana Sama'ila yana Shagari, ya ce mu kwaso mu taho. Amma in mun gudu, ba mun amsa ba ke nan? Hajiya, in bar shi ya tsallaka, ko in tsare ƙofa, ko mu gudu?

Taki cikin tsoro,
Matar Malam, Bodinga

*

'Yar'uwata Matar Malam,

Wa'alaikumus salam. Allah ya sanyaya miki. Ban jira ranar fitowar jarida ba, na ba direban da ya kawo takardarki wannan amsa ya koma da ita. Zan buga ta a jarida daga baya saboda amfanin wasu.

Kada Malam ya tsallaka yarinyar nan. Lissafinki daidai ne, kuma ki gaya masa tausayinsa abin yabo ne, amma ba nan ne wurin sa shi ba. Minti ɗaya zai yi yana tsallakawa, 'ya'yansa su yi shekaru suna ɗauke da sunan. Kada kuma ku kwashe kaya ku bar gari gaba ɗaya, don gobe za a ce mayu sun tsere.

Sai dai akwai abin da fushi ya rufe miki. Kowa a unguwarku yana jiran Juma'a, har ke, ita kuwa Zulai ba ta da ƙarfin jira. Muddin iyayenta sun yarda maganinta yana ƙafar mijinki, ba za su nemi wani ba. Idan zarginki na taifot gaskiya ne, ciwo ne da ake warkewa in an kai asibiti da wuri, yana kuma kisa in an yi sakaci. Wannan shi ne aikin farko, sauran duk a bayansa suke.

Ki duba ɓangarensu kuma. Dije ta kai ɗiyarta inda aka ce a kai, aka sallamo ta da ƙwayar ciwon kai. Uwar da ke kallon ɗiyarta tana narkewa za ta kama duk bayanin da aka miƙa mata. Kakar ta yi muku ƙazafi mai nauyi, Allah zai tambaye ta. Amma ke ma, a ranar da suke cikin firgici kin kira su jahilai, kika dawo kika sa kwaɗo. Maganarki kan tafasa ruwa gaskiya ce, lokacinta ne bai yi ba. Kwaɗon nan kuwa ya yi wa masu zargi aiki fiye da bakin tsohuwar.

Yau, ba gobe ba, Malam ya ɗauki dattijo ɗaya da ake jin maganarsa su je wurin liman da mai unguwa, daga nan a sanar da uban ƙasa cewa an yi muku barazana. Kada ya je da lacca. Ya ce ana zarginsa da abin da ya rantse bai aikata ba, yana neman a zo a duba. A cire kwaɗo, a ɗaga labule, dattawa su shiga su gani da rana tsaka. Sannan a je tafkin tare da Lawali, a ba shi rariya ya kamfato ciyawar da hannunsa. In ya ga irin abin nan yana tsalle a ciki, a wurin da shanu ke shan ruwa tun kafin a haifi Zulai, zai yi wuya ya ci gaba da cewa kurwar ɗiyarsa ce. Liman kuma ya faɗa wa mutane hukuncin jifan Musulmi da maita ba hujja. Daga bakinsa za su ji, daga naki ba za su ji ba yanzu.

Game da jatan landen, na ji abin da suka yi wa mijinki, ban raina ba. Kiwonsu ba laifi ba ne. Amma kada a fasa akwatunan bisa sharaɗin kowa, don fasawar ma amsa laifi ce. In dattawa sun gani sun gamsu, ya nemi wata makaranta ta karɓi akwati ɗaya yara su riƙa koyo, sauran ya bar ƙofarsu a buɗe. In kuma an ga zaman lafiya ba zai samu ba sai sun bar gidan, ya mayar da su tafki da kansa, a gaban shaidu, bayan an wanke shi. Zai iya sake kamo wasu wata shekara.

Aminatu da ƙannenta su tafi Shagari wurin kawunsu su yi 'yan kwanaki, da sunan ziyara. Ke da Malam ku zauna. Mutanen Horo Birni kuma ki ƙyale su, yadda suka yi a wannan mako zai nuna miki ko gidan da za ki ba ɗiyarki ne.

Saura mai wuyar, kuma ke kaɗai za ki iya. Ki sa mayafinki ki shiga gidan Dije, ki tafi da matar liman in kina tsoron a kore ki. Ki gaida tsohuwar ko ba ta amsa ba. Kada ki kare mijinki, kada ki ambaci gilashi. Ki ce kin samo mota zuwa babban asibiti a Sakkwato, za ki raka su, za ki tsaya a layi, in an rubuta magani aka ce babu shi, ke za ki shiga kemis-kemis ki nemo. Kin iya magana da likitoci, Dije ba ta iya ba. Wataƙila su zage ki. Ki tsaya har su gama, ki sake cewa mota tana waje.

Ba zan yi miki alkawarin yarinyar za ta tashi ba, wannan na Allah ne. Amma ko mene ne ya faru, a ce a hannunki aka gan ta a hanyar asibiti. Allah ya ba Zulai lafiya, ya wanke mijinki, ya tsare ku da zuriyarku. Ajiye takardar nan ki je neman motar.

Taku,
Hajiya Khadijatu