Na sayar da aikin surukina a gwangwan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin dabarata, kuma ni mutum ne da bai saba rasa dabara ba.

Shanun noma biyu da gonar gero guda na sayar na sayi injin lanƙwasa fayif. Wannan na san da shi tun kafin in sa hannu. Abin da ban san ya shiga cinikin ba shi ne mutuncin shekara goma sha tara tsakanina da mahaifin matata.

Ni dillalin ƙarfe ne a wani gari wajen Tsanyawa. Da tallan ƙusa na fara, yanzu ina kawo fayif daga Kano ana yi mini gadajen ƙarfe, kujerun makaranta da ƙarafan rumfar biki. Mai walda ina da shi, amma lanƙwasa tun farko surukina ke yi, maƙeri ne. Yashi yake ɗurawa a cikin fayif ya toshe bakin, ya gasa wurin da gawayi, ya naɗa a jikin wani tsohon wilin mota da ya kafe a maƙerarsa. A wuni ya yi ƙafar kujera ashirin in jiki ya yarda. Da wannan na tashi, da wannan na auri 'yarsa.

Da rayuwa ta yi tsada, masu saye suka fara cewa kayan Kano sun fi santsi kuma sun fi araha, sai na je na gani da idona. Inji ne mai aiki da jak irin na mota, ba ruwansa da wutar lantarki, kowane girman fayif da kaskon da ake lanƙwasa shi a kai, ga ma'auni a jiki, inda ka tsayar yau nan za ka tsayar gobe. Aikin sati a hantsi ɗaya. Na sayo shi.

To a nan matsalar take. Kun san tsakanin mutum da surukinsa. Shekarun nan duka ban taɓa zama kusa da shi ba, daga nesa nake cire takalmi in durƙusa in gaishe shi, maganar aiki kuma matata ke kaiwa ta kawo. Da wane baki zan aika a ce masa an daina? Ya san na sayi inji, gari ƙarami ne, sai na sa aka ce masa injin manyan fayif kawai yake iyawa. Na ci gaba da aika masa ƙanana duk sati, ana biyansa yadda aka saba, in an kawo in sa a jibge a bayan shago a rufe da buhuna, tunda ba sa daidaita da na inji, ba a haɗa su a kujera ɗaya. Matata ma ba ta sani ba. Ni a lissafina na yi dabara, ya ci abinci da guminsa, ba wanda ya ji kunya.

Shekara guda ana haka, wurin ya cika, damina ta sa suka yi tsatsa. Na kira wani ɗan gwangwan na ce ya auna ya kwashe, da sharaɗin ya wuce da su Kano kai tsaye. Shi kuma ya ga motar ba ta cika ba, ya tsaya a kasuwarmu ranar da take ci don ya ƙara kaya. Surukina ya je sayen gawayi ya gan su a kan sikeli. Kowane aikinsa yana buga masa ɗigo uku kusa da lanƙwasar. An ce ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗauki wani, ya tambayi nawa kilo, sannan ya biya kuɗin guda ɗaya ya tafi da shi gida.

Washegari amalanke ta kawo mini fayif ɗin satin, ko ɗaya bai taɓa ba. Matata ta je, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗa mini saƙon ba ta kalle ni ba.

"Baba ya ce a gode maka. Ya ce da ka aiko cewa aikinsa ya ƙare, da ya koma gona da mutuncinsa. Shekara guda yana hura wuta yana gaya wa abokansa a majalisa cewa aikin hannunsa yara ke zama a kai a makaranta."

Tun ranar bai ƙara hura wutar ba, wata bakwai ke nan. Na aika hatsi ya dawo da shi. Matata ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi, sai dai ta daina tambayata yaya kasuwa. In na je gaisuwa yana amsawa lafiya lau, har ya tambayi yara, shi ke nan.

Yanzu ga inda Allah ya kama ni. Fayif mai kauri ya fi ƙarfin masu saye, sai siriri mai jikin takarda ke tafiya, shi kuma injin murƙushe shi yake a wurin lanƙwasa, ya yi tamoji, in an zauna sau biyu ya tsage. Na tambaya a Kano aka ce akwai sabon inji mai sanda da ke shiga cikin fayif ɗin ta tokare shi, kuɗinsa ko shagon na sayar ba zai kai ba. In ba shi ba sai yashi. Ni da mai waldata mun gwada, mun ɓata fayif ya fi talatin. Ashe akwai irin yashin, akwai yadda ake soya shi a tankaɗe, akwai yadda ake bubbuga fayif har ƙararsa ta canza ka san ya cika. Duk yankin nan mutum ɗaya ya iya.

Na tura limaminmu ya roƙe shi ya zo ya riƙe wannan ɓangaren, wallahi buƙata ce ta gaske. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, wannan karon a bayan wane shagon za a ajiye?"

Ban ga laifinsa ba. Ni na koya masa kada ya yarda da ni.

Mai waldata ya ce in ɗauki fayif ɗaya da inji ya murƙushe in je da kaina, in zauna gabansa in yi magana baki da baki. Matata ta ce in na yi haka na ƙara masa wani cin fuskar, a gidansu ba a taɓa yi ba. Wani abokina ya ce in bar tsoho ya huta, in nemi wani a Kano ya koya mini. Wannan zan iya, kuma ciniki zai tashi, amma ranar da ya ji na ɗauko baƙo ya koya mini aikinsa, na san ko gaisuwar ma ta ƙare.

In an zauna an auna, ciniki bai kashe ni ba, yarana suna ci suna zuwa makaranta. Shi kuwa mutum mai shekara saba'in na raba shi da sana'arsa da majalisarsa, don yanzu ko can ba ya zama. In je da kaina ko kada in je? In kuma zan je, me zan fara cewa?