Murhu Biyar a Gidan Ƙanen Jauro

Jimeta,
9 ga Yuli, 2023.

Zuwa ga Adda Keturah,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya yara da aikin gona? Mu nan lafiya, sai dai ƙafar Mama da ta sake kumbura.

Adda, ranar Talata da sassafe ina tura kurar ruwa na bi ta gidan ƙanen Jauro, wato mai unguwarmu, ƙofa a buɗe. Na gan shi yana jera duwatsu uku-uku a tsakar gida, har wuri biyar, yana ƙona kara a kansu don su yi baƙi. Mutum mai mata ɗaya fa. Ban gane ba sai da hantsi, da 'yan kwamitin unguwa suka fito rubuta waɗanda za a ba katin asibiti kyauta. Ashe ba mutane suke ƙirgawa ba, murhu suke ƙirgawa. Kowane murhu kati ɗaya.

Kin san tun da muka gudo daga Michika Malam Nata'ala ya ba mu ɗaki, matarsa Goggo Munirat ta rantse ba za a ɗora tukunya biyu a gidanta ba. Shekara tara ke nan. To, 'yan kwamitin sun shigo sun ga murhu ɗaya, suka rubuta Malam da iyalinsa, suka fita. Mama na zaune a tabarma da ƙafarta a miƙe, har gaishe ta suka yi.

Sau uku na je wurin Jauro. Ya ce tsari ne, ba shi ya kawo ba. A garinmu da, a bainar jama'a dattawa ke kiran suna, wanda aka tsallake ya ɗaga hannu. Nan a zaure aka gama, takarda ta tafi.

Abin da ya fi ci mini rai, Mama ta ji wai za a sake zagayowa, ta sa na ɗauko mata duwatsu uku. Yanzu ita kaɗai take girki a bayan ɗaki. Goggo kuwa har yau da bakinmu take auna garin tuwo. Ba wanda ya zagayo.

Ina jiran zaman kwamiti na wata mai zuwa, zan miƙe in faɗi abin da na gani. Ba ni kaɗai ba ne. Salihu mai shayi yana wurin, Debbie mai ƙosai ma ta gani. Na roƙe su su raka ni, kowa ya sunkuyar da kai. Dukansu biyu sun sami kati.

Ki gaida mijinki da yara.

Ƙanenki,
Nicodemus.