Tudun da Gwamnati Ta Biya Mu Ya Huta

Da sunan Allah. Ni Galiya 'yar Dawu, ta garin Bani Haddash, nake wannan magana da hankalina garau, ƙafafu ne kawai suka yi mini tawaye. 'Ya'yana Munji, Balgasim, Rabha, ku saurara. Kada wanda ya yi mini kuka, na ci rabona na duniya har na kora da ruwa.

Na ɗaya, tudun bayan gida. Kada garma ta taɓa shi. Kuna ƙanana malaman gona suka zo wurin babanku Sagayyar, suka ce ya daina noma hatsin sha'ir a gangaren, ya gyara katangun dutse masu tare ruwa, ya dasa zaitun, gwamnati za ta riƙa biyansa duk shekara. Mutanen gari suka yi dariya har suka gaji. A wurin mai shayi sai ka ji ana cewa, "Ranka ya daɗe ma'aikaci, yaya gadin ciyawa?" Shi kuwa ya ce, "Ku dai ku yi ta gumi, ni albashina na tafe." Alhali da tsagaggun hannuwa yake dawowa gida saboda ɗaukar dutse. Shekaru kaɗan, sai ga idon ruwan da kakata ta ce ya ƙafe tun tana budurwa yana tsattsafowa a gindin ɓaure. Babanku, da gemunsa da komai, ya faɗa ciki da kaya a jiki yana rawa. Ko ranar aurena ban yi guɗa irin ta ranar ba.

Na biyu, Munji. Na san mai tarakta yana hure maka kunne, wai hatsi ya yi daraja. In ka kafce gangaren, ruwa ɗaya zai wanke ƙasar ya kai kwari, tallafin ya tsaya, idon ya rufe. Gonar kwari ku raba yadda Allah Ya ce, kowa ya noma abin da ya ga dama. Tudun kuwa ku bar shi a haɗe, ba sayarwa. In tallafi ya zo, a fara da gyaran katanga, sauran ku raba. Rabha ce za ta riƙa karɓowa, don ita ce ba ta ratsewa wurin mai shayi a hanya.

Na uku, Balgasim da kawunka Tijani. Awakinsa sun tsallaka sun cinye maka dashe, tun daga nan ka daina gaishe shi. Haba ɗana, akuya ta san gwamnati ne? Ƙanena ne, a bayansa ka yi wayo. Ka ɗauki tulun man zaitun na bana ka kai masa, ka ce in rani ya tsananta ya zo ya yanki ciyawa, ya ɗebi ruwa. Zai yi ta gunaguni, amma zai karɓa.

Na huɗu, sarƙata ta azurfa ta Rabha ce. Alkyabbar babanku ta Munji, in ta shige shi da wannan tumbin. Babbar tukunyar kuskus ba ta kowa ba ce. Ta zauna a gidan nan, duk lokacin tsinkar zaitun ku kwaso yara ku zo a ɗora ta, ku sa hannu a kwano ɗaya.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, Ya jiƙa ƙasarku da ruwa mai amfani. Ku riƙe juna. In kuma faɗan ya zama dole, ku yi shi da sassafe, don ku samu ku shirya kafin a sauke tukunya.