Shagwaɓa Ta Koma Tuƙa

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon rani, likitan shanu mai karkataccen yatsa, mijina abin tinƙahona. Gaisuwa mai yawan ganyen damina, tare da fatan karatu bai ramar min da kai ba.

Bayan gaisuwa, saniyarka Shagwaɓa ta yi ciwo. Kwantar da hankalinka, ta miƙe. Kwana da kwanaki tana tsaye a turke kai a sunkuye, ga dusa ga ciyawa ko kallo, muƙamuƙin nan nata da ba ya hutu ya tsaya cak. Mama ta leƙo, ta riƙe haɓa ta ce, "'Yar nan, dabbar da ta bar tuƙa ai sallama take yi. Kira mahauci tun da sauran nama a jikinta." Wallahi ban kira ba.

Ka tuna ranar da na fara ganinka? Saniyar babana ce ta shiga irin wannan hali aka ɗauko ka. Maimakon ka nufi marar lafiya, sai ka raɓe kusa da lafiyayya kamar ɓarawo, kana jiran curin abinci ya hayo maƙogwaronta. Yana isowa ka damƙe mata hanci, ka zura hannu ka sato. Ta bar maka curin, ta riƙe yatsa! Ka kurma ihu, ni kuwa dariya har bokiti ya suɓuce min. Kana yarfe hannu kana faman yi min bayani, wai cikin da ya mutu ba ya tashi sai an ɗura masa abin da ya fito daga bakin mai lafiya. Har sunan curin ka gaya min da Turanci, wata 'yar guntuwar kalma kamar tari, ka ce masu harshen kan ara ta ga mutumin da ya zauna yana jujjuya magana a ransa. Wa ya taɓa jin an yi zance da abin tuƙar saniya? Amma ga shi da shi ka sace ni.

To, shekaranjiya ni na yi aikinka. Na roƙi maƙwabcinmu mai sayar da madara, na sato daga bakin saniyarsa, na dama da ruwan ɗumi na ɗura wa Shagwaɓa. Yatsuna duk sun tsira, na fi ka iyawa. Jiya da la'asar ta kwanta, ta lumshe ido, muƙamuƙi ya soma kaiwa da komowa. Don murna na waiga in ce maka duba, sai na ga kujerarka wayam, rigar aikinka rataye a ƙusa. Nan na durƙushe na yi kuka a gaban saniya, ita ko tana ta tuƙarta.

Ya muradin raina, ka ce min a waya makarantar da kake karatu ta nemi ka zauna ka koyar na wasu shekaru, ka ce za ka yi tunani kafin ƙarshen wata. Tunanin me? Ni fa tun da ka tafi magana ɗaya nake tuƙawa, wadda ka faɗa a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa: "Ba zan daɗe ba." In haɗiye ta da safe, in dawo da ita da yamma, har ta salance, ba ɗanɗano ba ƙoshi. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Nawa ya dahu, romon har ya huce, ba wanda zan sha da shi. Kaɗaici ya ishe ni, ka ji na faɗa ba kunya. Ina tsoron ranar da ni ma zan tsaya cak, Mama ta riƙe haɓa.

Ka ce musu a'a, don Allah. Ka dawo da digirinka da karkataccen yatsanka. Shagwaɓa ta samu maganinta a gidan maƙwabci; ni kuwa duk duniya bakin mutum ɗaya ne maganarsa ke tashe ni, kuma ya yi min nisa.

Taka, yau da gobe, har numfashi ya ƙare,
Mai dariyar yatsa.