Jitar Marigayi da Hannun Hagu

'Yata,

A taƙaice: darasin jita na farko ya gudana yau da hantsi a falo, ya kuma watse kafin lokacinsa bisa laifin malami. Ban tashe ki ba, ganin kin kwana a wurin aiki.

Ga bayani. Na ɗora wa 'yarki Ƙarama jitar mahaifinta, Allah ya jiƙansa, sai ta juya ta, ta kaɗa da hagu. Na gyara mata, ta sake juyawa. A karo na uku na buge hannun, kamar yadda aka buge nawa da rula a aji ɗaya har na koma rubutu da dama. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye jitar ta ce, "Baba bai taɓa cewa hannuna ba shi da kyau ba. Na fasa." Ta shige ɗaki.

Shekara talatin da biyar ina gyara kurakuran mutane a takarda, amma sai da na yi rabin awa kafin na gano nawa.

Na tafi da jitar wurin mai gyara, don ya juya tsirkiyoyin su dace da bahaguwa. Ki gaya mata ba ƙwacewa na yi ba. Kada ki ba ta haƙuri a madadina, wannan aikina ne idan na dawo.

Asarar da aka yi: tsirkiya ɗaya da ta tsinke a ja-in-ja, darasi ɗaya, da "Kaka" ɗin da take kirana, wanda har na fita ban sake ji ba.

Mahaifinki