Baƙaƙen Hotunanka

Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba, shi ya sa ma na iya rubutawa, da ɗan ajamin da ka koya mini.

Gida lafiya. Keken ɗinkinka yana wurin ƙanenka, kuma ruwan bana ya ci katangar bayan gida. Babban labari shi ne wanda aka ji a rediyon ƙofar fada, wai mutanen Rasha sun harba wani ƙarfe sama, yana ta zagaya duniya bai faɗo ba. Abokanka na rumfa da suke ce maka Sarkin Taurari don tsokana, yanzu su ne masu ɗaga kai da magariba.

Malam, na yi ɓarna. Ranar sadakar arba'in ɗinka itace ya jiƙe, ga ƙullun waina yana jira, ga mata cike da gida. Na buɗe akwatinka neman takarda, sai na ga hotuna. Masu fuskokin mutane na ware su gefe. Sauran kuwa baƙaƙe ne ƙirin, sai 'yan ɗige-ɗige kamar an watsa gero, na ɗauka waɗanda suka lalace ne wurin wankin hoto. Da su na hura wuta. Ko ci ba su yi sosai ba, sai nannaɗewa da wari.

Jiya yaron nan, ɗanmu na fari, ya dawo hutu daga makaranta da zancen ƙarfen Rasha a bakinsa. Ko ruwa bai sha ba ya nemi hotunan taurarin babansa. A nan na ji cewa ɗige-ɗigen nan su ne abin da kake hawa soro dominsa tun ina amarya. Har tauraruwa mai wutsiya ta bana tana ciki, wadda ka hau ka ɗauka kana tari. Na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya sunkuyar da kai, ya mayar da murfin akwatin a hankali. Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Me ya hana ni tambayarka? Kullum ina jin takunka a saman ɗakina, abin da nake cewa kawai kar ka fasa mini soro. Sau ɗaya ka kira ni in hau in ga taurarin nan, Kaza da 'Ya'yanta, na ce me maƙwabta za su ce in sun hango matar aure a kan soro. Ba ka sake kira ba. Haushi ka ji, ko tausayina?

Hoto guda ɗaya ya tsira, wanda na rufe bakin tulu da shi. Ya sha laima, gefensa ya kumbura. Ɗazu na fito da shi rana na ƙura masa ido, ga ɗige-ɗigen nan a cure wuri ɗaya, amma ban san sunansu ba. Na kai wa yaron, ya karɓa da hannu biyu. Kunya ta hana ni tambayarsa, shi ma.

Yau da magariba zan hau soron, maƙwabta su faɗi abin da za su faɗa. Ban san inda zan duba ba, Malam. Ka yafe mini.

Sai mun zo.

Matarka, wadda ba ta hau ba,
Ladi